Na Ga 5G a Kan Dutsen Bayan Gidanmu

Jama'a, duk wanda ya ga wani dattijo ranar Asabar yana gangarowa daga kan dutse a Dutse Uku, wando a yage, ya rungume wayar aro kamar jariri, ya daina tambaya. Ni ne, kuma lafiyata lau.

Asalin maganar, 'yata Suwaiba ce ta haihu a Ibadan, jikanmu na fari. Tun ranar Talata uwarta Rabi take son ganin fuskar yaron, amma da an kira ta bidiyo sai hoton ya daskare. Kwana huɗu muna kallon kunne ɗaya da gefen zani. Ranar Juma'a ta dire mini tuwo ta ce, "Baban Suwaiba, ko ka sayo wayar nan mai 5G da ake ta faɗa, ko in hau mota." Ga shi likita ya hana ta doguwar tafiya saboda ciwon gwiwa. Na kuwa san Rabi: in ta ambaci mota, jakarta na bayan ƙofa.

Washegari na nufi Tina Junction wajen maƙwabcina Lateef, mai gyaran waya, don ya raka ni kasuwar Taminus mu zaɓo.

"Oga, ka duba ko 5G ɗin ya kai gidanka?" in ji shi.

Na ce, "Wane irin ya kai? Ai da idona na ga an buɗe shi."

Ba ƙarya na yi ba. Bara Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya zo unguwarmu da motoci goma sha bakwai, ɗaya daga ciki almakashi kaɗai ta ɗauko. Aka toshe hanya tun safe, aka kafa rumfa a gindin sabuwar eriyar, ya hau mumbari ya ce daga yau ko kazar unguwar nan za ta iya kiran 'yan'uwanta ta bidiyo. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Allah ya ƙara masa lafiya, bawan Allah ne da bai taɓa ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce ba.

Lateef bai yi musu ba. Ya buɗe shafin kamfanin layina, ya rubuta sunan unguwarmu, sai ga taswira ta fito an shafe ta da fenti kaf, wai alamar 5G ya kai ko'ina, har da makabarta.

Na ce, "To ka gani."

Ya ce, "Oga, fenti ba ta da tsada. Karɓi wayata mai 5G, saka layinka, ka je gida. In ka ga 5G a saman nan, dawo mu tafi kasuwa."

Gaskiyarsa. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Na shiga falo, 3G. Na shiga ɗaki, babu ko sandar sabis ɗaya. Na leƙa kicin, na zaga tsakar gida hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, na hau kan turmi Rabi tana riƙe da rigata. A nan Madam Bernadette, maƙwabciyarmu mai sayar da gwanjo ta waya, ta leƙo ta katanga.

"Baba, kada ka karya ƙafa a banza. Wancan eriya sati biyu kawai ya yi aiki. Masu haƙa gwata suka datse wayar ƙasa."

Na ce, "Ba a gyara ba?"

"An kafa kwamiti."

Kwamitin, in ji ta, ya tafi ƙasar waje ya koyo yadda ake datse waya a can, don a kwatanta da tamu. Ni ban ga laifinsu ba, neman ilimi wajibi ne. Sai ta nuna dutsen da ke bayan gidanmu, ta ce can take hawa kullum ta tura wa kwastomominta hoto, don daga samansa ana hango eriyar unguwar manya, ana ɗan samun abin da suka rage.

Na hau, awaki uku suka matsa mini. Ina ɗaga wayar sai ga shi ɓaro-ɓaro: 5G. Na ƙwala wa Rabi kira. Matar da ba ta iya hawa matakalar asibiti sai an tallafe ta, sai ga ta a sama, Bernadette na tura ta, ni ina ja. Muka kira Suwaiba. Fuskar yaron ta fito tas, har ana ganin gashin girarsa, ya yi hamma ya dunƙule hannu. Rabi ta share ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Hancinka ne, Baban Suwaiba. Allah ya ba shi haƙuri."

Kafin mu sauko ta gwada tsohuwar wayarta, ita ma a can sama ras take aiki. Ashe ba wayar ce mai laifi ba. Da na bi ta fenti, da na sayo doki na ɗaure shi a ɗakin da ba ƙofa. Wandon kuwa wajen saukowa ya yage, ban kuma yi baƙin ciki ba. Rabi ta mayar da kayanta durowa, yanzu kullum da la'asar tana sama da tabarmarta, mata biyar na layi a bayanta.

Saboda haka mai karatu, kafin ka sayi waya mai sabon lamba, duba taswira, sannan ka ari ta maƙwabci ka zaga gidanka da ƙafarka. Da na mayar wa Lateef tasa, ya ce wai ya ji ana maganar 6G. Da lissafina, wannan sai a ƙololuwar tsaunin Shere. Duk mai zuwa ya taho da igiya da wando biyu.