Gwankin da Jatau Ya Hango

Wani mutum ne a garinmu, Jatau, maharbi. Wato maharbi a baki. In ya zauna teburin mai shayi, kafin shayinsa ya huce ya kashe ɓauna uku. Wai shekara bakwai ya yi yana yawo da Turawa a gandun daji, har shi ke koya musu saiti. Mu dai ban da wani gurgun zomo, ba mu taɓa ganin ya shigo gari da nama ba.

To, daminar bara wata ƙatuwar ɓauna ta addabi gonakin bayan dutse. Ga ta da wayo, da ta shaƙi warin mutum sai ta auna daji. Ƙungiyar maharba ta samo izini da bindiga mai cin dogon zango. Saura madubin nan da ake ɗaura mata a baya, mai kawo abin da ke nesa gaban ido. Sarkin Baka, tsoho Barau, ya ce wanda ya san kan madubin shi zai zaɓa, shi kuma zai riƙe bindigar. Mutum biyu ke so: Jatau da Cindo, wani shiru-shiru wanda ba ya asarar harsashi.

Ranar kasuwa Malam Hashimu, mai sayar da kayan farauta, ya zo daga birni. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Sarkin Baka, ya fito da madubi biyu, ya miƙa. Cindo ya leƙa na farko, ya ce, "Wannan ya yi. Ba nauyi, kuma yana nuna abu tar."

Jatau ya yi tsaki. "Haba Cindo! Wannan ai na harbin ƙadangare ne. Malam, ina na manya?"

"Akwai babba a kwali, amma sai an..." Wayar Malam Hashimu ta yi ƙara. Ya ce a yi masa haƙuri, ya koma gefe yana "Alo? Alo?"

Jatau bai jira ba. Caraf ya zaro madubin, baƙi, dogo kamar taɓarya. Ya gyara tsayuwa, ya kanne ido ɗaya, ya auna dutse.

Me ya gani? Duhu. Baƙi ƙirin, wallahi ko ɗigon haske babu. Amma ga jama'a sun zuba masa ido, ga Cindo a tsaye. Ya ce bai ga komai ba? Ina!

"Allahu Akbar!" in ji shi. "Gwanki! Ga shi can a kan dutse."

Aka ɗauki salati. Wani ya ce, "Namiji ko mace?"

"Namiji. Ƙahonsa na hagu ya ɗan gutsure. Kai, tsaya, tsaya... ga ƙuda a kunnensa!"

"Ƙuda, Jatau?"

"Biyu ma. Ɗaya ya tashi yanzu."

Sarkin Baka ya miƙo hannu. "Kawo in ga ikon Allah." Ya leƙa, ya murza ido, ya sake leƙawa. "Ni fa duhu nake gani."

"Ranka ya daɗe, sai idon da ya saba. Ni ma sai da na yi wata uku a hannun Bature kafin ya buɗe mini."

Cindo ya karɓa ya leƙa, ya mayar. Jatau ya ƙara buɗe kafaɗa, har ya fara tambaya wa zai bi shi ɗauko nama.

Sai ga Malam Hashimu ya dawo yana cusa waya a aljihu. "Ku gafarce ni. Af, kun fito da babban? Ku kawo in cire muku murfin."

Ya sa farce a bakin madubin na gaba. Ɓas! Wani baƙin murfin roba ya faɗo kan tabarma, ya gangara, ya tsaya daidai ƙafar Jatau.

Sai mai shayi ya ce, "Jatau, ɗaya ƙudan yana nan, ko shi ma ya tashi?"

Ai sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Jatau ya hau share gumi, wai dama gwada mu yake yi. Ni kam har tausayi ya ba ni.

Sarkin Baka ya sunkuya ya ɗauki murfin, ya kaɗe shi, ya ce, "Cindo, ɗauki ƙaramin madubin da bindiga. Kai kuwa Jatau, Allah ya yi maka baiwa, madubi ɓata maka ido zai yi. Ungo murfin, je ka ci gaba da duba mana daji."