Ƙugun Mutumin Karofane

Wani ne can wajen Karofane, ciwon ƙugu ya aure shi shekara da shekaru. Ba duk bayan ba, gefen hagu kaɗai, nan saman ɗuwawu inda ɗan lotsin nan yake. In ya daɗe zaune, tashi sai da salati. In zai hau jaki, sai an taru kamar za a ɗora taikin hatsi. Tafiya kuwa, agwagwa ta fi shi tsari.

Damina ta ƙarato, gona na jira. Matarsa Jaratu ta ce, "Maigida, ko ka nemi magani, ko bana nishinka za mu daka mu yi tuwo."

Ya tafi wurin Barmo wanzami.

"Ina ke maka ciwo?"

"Baya."

Barmo bai ƙara tambaya ba. Ya kifar da shi, ya jera masa ƙaho tun daga wuya har gindi. Mutumin ya tashi bayansa kamar fatar damisa.

Kwana kaɗan suka gamu. Barmo ya ce, "Yaya, ya tahi?"

"Bai tahi ba. Da shi kaɗai ne, yanzu ya samu maƙwabta."

Sai aka ɗora shi kan jaki, aka kai shi likita a Madawa. Lokotoron da ke duba marasa lafiya a wurin baƙar fata ne, sunansa Alƙasim, mutum mai haƙuri.

Alƙasim ya ce, "Malam, nuna mini da yatsa guda wurin da ya hi maka ciwo."

Mutumin ya leƙa ta taga, ya miƙa yatsa arewa. "Can, hawan dutsin Buza."

"A jikinka nike nuhi."

"To ai ba ka ce ba."

Ya kai hannu baya, ya ɗora yatsa daidai kan lotsin nan na hagu. Alƙasim ya gyaɗa kai. Ya bi ƙashin baya yana latsawa, mutumin har ya fara gyangyaɗi don daɗi. Sannan ya kwantar da shi rigingine kan tebur, ya ɗauko idon sawunsa na hagu ya aza kan gwiwar dama, ya danna gwiwar hagu ƙasa. Mutumin ya yi wata ƙara, jakin da ke ɗaure waje ya amsa.

"Nan ne?"

"Kai ka ji, jaki ya ji, wa kuma ya rage?"

Alƙasim ya ce, "Ba ƙashin baya ba ne. Akwai wata gaɓa nan, inda ƙarshen ƙashin baya ya haɗu da na ƙugu. Ita ce ta yi tsami."

"Gaɓa? Tun yaushe nike da ita?"

"Tun da anka haihe ka."

"Kuma duk garinmu ba wanda ya gaya mini."

Alƙasim ya ɗauko farin zane mai faɗi, ya ɗaure masa tamau a ƙasa, kan ƙashin ƙugu, ba kan ciki ba. Ya ce ya riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Ya bar zaman karkace kan jaki. Ya bar tsayuwa kan ƙafa guda.

"In za ka kwanta kuma, ka kwanta ta gehe, ka sa matashi tsakanin gwiwoyi."

Mutumin ya ce, "Lokotoro, wanga da wuya. Samarin garinmu ko aike ba su zuwa."

"Matashin kai nike nuhi."

"Yau dai duk maganarka sai da nuhi."

Ya koma gida. Washegari Jaratu na shara, sai ta ga mijinta ya fito daga ɗaki ƙafafu a haɗe, yana tsalle kamar kwaɗo, kowane tsalle da nishinsa.

"Maigida, mi ya same ka?"

"Lokotoro ya hana ni tsayi bisa ƙahwa guda. Na duba, tahiya duk haka take."

"Sa wando yake nuhi. Ka zamna ka sa."

"Ke ma kin hwara nuhin?"

Ya dai bi maganarta. Ya gasa, ya ɗaure, ya gyara zama. Cikin ikon Allah ciwo ya kwanta. Ya yi shuka, ya yi noma, gero ya yi kyau. Da kaka ya je kasuwa, yana son kowa ya gani. Ya ɗaga taikin hatsi shi kaɗai ya aza wa jaki, ya yi tsalle ɗaya ya haye, ya sauka, ya sake hayewa.

Ashe a inuwar da ke kusa akwai gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya zo neman ƙarfafa don aikin tilas na hanya. Kowace shekara in an zo ɗiba, da an ga tafiyar mutumin sai a ce a bar wannan, zai ɓata layi. Gardi ya kalli maigari.

"Wanga ne kunka ce gurgu?"

Maigari ya ce, "Ranka shi daɗe, har bara gurgu ne."

Kafin la'asar mutumin na cikin layi. Aka kai su hanyar Madawa, aka ba shi kwandon dutse, daga safe har faɗuwar rana. Ya gwada ɗingishi, ƙugu ya ƙi ba shi haɗin kai.

Rannan sai ga Alƙasim ya zo duba ma'aikata. Ya hango shi da kwando a ka, baya a miƙe kamar tabarya. Ya ji daɗi ƙwarai.

"Malam, ka ga aikin Allah? Ciwon ya tahi ke nan."

Mutumin ya waiwaya ya ga gardi ya yi nisa. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Lokotoro, in ba ka riga ka ba wani ba, maido mini abina."