Yadda Ake Gyaran Tsohuwar Datsun Shekara Shida Ba Tare da Ta Tashi Ba

Ya kai mai karatu, idan akwai tsohuwar motar Japan a tsakar gidanka, kana kuma da dalilin da ya sa ba ka so ta tashi, to ka gyara zama. Gyara mota ta tashi, wannan kowane bakanike ya iya. Amma a yi ta gyaranta shekara da shekaru, kullum tana dab da tashi ba ta kuwa tashi ba, jama'a kuma na yaba wa mai gyaran, wannan ilimi ne na dabam. Ga alkawari: duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, injinsa ko tari ba zai yi ba. An gwada su a unguwar Ka'akiyya ta birnin Makka, a hannun Alhaji Ɗan'azumi, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran motocin da ke jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa kafin ya ajiye aiki. Da shi za mu riƙa yin misali.

Mataki na ɗaya: Ka ɗaure kanka da magana a gaban shaidu

Babu mai tsare matacciyar mota don nishaɗi, sai da dalili. Dalilin Alhaji shi ne ɗansa Marwan, haifaffen nan, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Marwan ya kama gida a hawa na shida a unguwar Aziziyya, ya keɓe wa iyayensa ɗaki. Akwai na'urar hawa, akwai sanyi, asibiti kuma na kusa. Mahaifiyarsa Hajiya Adama tun ranar ta ɗaure kayanta a zuci.

Sai dai hawa na shida ba shi da tsakar gida. Ba shi da inuwar darbejiya, ba shi da bencin da Malam Sabo da sauran dattawan unguwa ke zama a kai bayan la'asar. Alhaji ya san in ya hau can, sai dai ya riƙa kallon kawunan mutane ta taga. Ya kuma kasa ce wa ɗansa a'a. Da ya waiga neman mafita, sai idonsa ya faɗa kan Datsun ɗin nan da ake kira Zad, ƙirar 1973, wadda ya jawo daga tashlihi, wato filin da ake jibge matattun motoci.

Ya nuna ta ya ce, "Ranar da wannan ta yi tafiya da injinta, ranar zan bar gidan nan. Sabo, ka shaida."

"Ɗayyib, Baba," in ji Marwan, wato ya yarda. "Wata nawa?"

"Ba a yanka wa inji wa'adi."

Ka haddace wannan amsa. Za ka buƙace ta kamar sau ɗari huɗu.

Mataki na biyu: Ka warware komai

Kada ka bar noti ɗaya a mazauninsa. Ka sauke inji, ka fitar da fistin shida, ka cire kabureta biyun, ka jera su inda duk mai shigowa zai yi tuntuɓe da su. Mutum in ya ga mota a haɗe, tambayarsa ita ce yaushe za ta tashi. In ya gan ta a warwatse, sai ya ce sannu da aiki.

Ƙananan kaya kuwa ka zuba su a farantan uwargida. Alhaji ya fara da faranti biyu. Kafin shekara ta zagayo, Hajiya na zuba wa baƙi shinkafa a murfin tukunya.

"Alhaji, tiren shayina fa?"

"Allurorin kabureta ne a ciki, Hajiya. In aka motsa su sai an koma farko."

"To Allah ya ba su lafiya."

Mataki na uku: Ka nemi kayan gyara a wuri mafi nisa

Nan ne zuciyar aikin. Babban abokin gabarka shi ne wayar hannun ɗanka. Ka ce kana neman gaskit, kafin ka rufe baki ya samo shi a wajen wani ɗan kasuwa a Jidda, za a kawo jibi. Kada ka firgita. Ka karɓi wayar, ka sa tabarau, ka daɗe kana duban hoton, sa'an nan ka girgiza kai ka ce, "Ba na asali ba ne." In ya samo na asalin, ka ce na ƙirar shekarar da ta biyo baya ne.

In za ka je tashlihi, ka tafi kai kaɗai. Alhaji ya taɓa ganin ainihin kaburetar da yake cewa ta gagara, a kwance cikin wata Zad da ta kife. Ya rufe bonet ɗin a hankali, ya ɗora masa tsohuwar taya, ya dawo gida ya ce ƙasar nan babu komai.

Hanya mafi inganci ita ce saƙo ta hannun alhazai. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma babu mai iya ɗaga wa baƙon Allah murya don ya kawo abin da ba shi aka ce ba. Alhaji ya aika wa wani ɗan ƙaninsa a Kano cewa ya duba masa kabureta a Ƙofar Ruwa. Shekarar farko aka manta. Ta biyu aka kawo ta injin ban-ruwa. Ta uku, cikin ikon Allah, aka kawo ta gaskiya, har gaban Alhaji ya faɗi. Amma gyatumar da ta riƙo saƙon ta ji tsoron kada ƙarfen ya ƙuje a jirgi, sai ta binne shi tsirara a tsakiyar garin kukar da ta kawo wa Hajiya tsaraba.

Kuka ta shiga kowace kafa. Alhaji ya ɗauraye kaburetar da ruwa, ya kuwa san abin da kuka ke zama in ta ji ruwa. Wata bakwai ya yi yana zaro yauƙi da tsinke. Miyar gidan kuma ta yi makonni tana ƙanshin gareji, don Hajiya ta ce ba za ta zubar da kukar gida ba saboda wani ƙarfe.

Mataki na huɗu: Ka tara masu shawara

Aikin da mutum ɗaya zai gama a yini, dattawa biyar za su iya riƙe shi wata uku. Ka dafa shayi. Ka ɗaga fulogi ɗaya sama ka ce, "Jama'a, me kuka gani?" Wani zai ce ya ƙone, wani zai ce ya jiƙe, wani zai kawo labarin motar da ya tuƙa a Agadas. Kafin a daidaita an kira magariba. Sai ka mai da fulogin faranti, ka ce gobe in Allah ya kai mu.

Mataki na biyar: Ka riƙe abu ɗaya a jikinka

Komai jan ƙafarka, wata rana kayan za su cika, idon jama'a kuma zai tilasta maka ka haɗa injin. Ka haɗa shi da kyau, don sunanka na kai. Amma akwai wani ɗan abu, bai kai babban yatsa ba, mai juyawa yana raba wuta ga fulogogi. In babu shi, sai dai inji ya yi ta gurnani. Alhaji ya ajiye nasa cikin gidan tabarau. Ya kuma murɗa sukurorin kabureta biyun, kowace ta kama gabanta, saboda ko-ta-kwana.

Duk Juma'a Marwan zai zo, a murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Saura kaɗan."

Mataki na shida: Ka toshe kunnenka

Wannan mataki shi ne Alhaji ya kasa, saboda haka ka natsu.

Wata Juma'a bayan la'asar, a shekara ta shida, Marwan ya shigo da wani mutum mai suna Nawaf, wanda ke da garejin tsofaffin motocin Japan a Jidda. Ya zo da akwatin na'urori. Ya gai da dattawa, ya sumbaci kan Alhaji, ya buɗe bonet. Bai yi minti biyar ba ya ɗago.

"Ya ammi," in ji shi da Larabci, wato baffa, "mai raba wutar fa? Babu shi a ciki."

"Ikon Allah," in ji Alhaji, hannunsa na kan aljihu. "Ɓeraye."

"Ba komai, ina da wani."

Ya sa. Marwan ya murɗa makulli. Zad ta yi tari, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta harba baƙin hayaƙi ta salansa, ta mutu. Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ta tashi! Na ji da kunnena!"

"Hajiya, a yi adalci," in ji Malam Sabo. "Tafiya aka ce. Wannan atishawa ce."

Nawaf ya jona na'urorinsa, ya murɗa nan, ya murɗa can. Sau bakwai ana tayarwa tana mutuwa. A ƙarshe ya goge hannu ya dubi Marwan.

"Halas, shi ke nan. Injin nan ya gama. Sai dai a nemo wani daga waje, shi ma sai an yi shekara biyu ana jira."

Ka lura da kyau, ya mai karatu. Shekara biyu, daga bakin ƙwararre, a gaban shaidu! Malam Sabo har ya fara zuba sabon shayi. Abin da ya rage wa Alhaji kawai shi ne ya sunkuyar da kai ya ce haka Allah ya so.

Sai Nawaf ya ƙara da cewa, "Kaburetocin ma duk wanda ya haɗa su bai san aikin ba. Bari ka ji." Ya sa aka sake murɗa makulli, ya riƙe ta da totur don kada ta mutu.

Fistin uku na gudu, uku na ɗingishi. Alhaji ya runtse ido. Shekara talatin da huɗu bai taɓa barin inji ya yi irin wannan kuka a gabansa ba, ko a tsakiyar cunkoson Arfa. Ya riƙe bencin da hannu biyu. Malam Sabo ya dafa gwiwarsa ya raɗa masa, "Ɗan'azumi, daure. Ka tuna hawa na shida."

Motar ta sake harbawa.

"Kauce, ɗana," in ji Alhaji.

Ya yanko guntun tiyon ban-ruwan Hajiya, tsawon kamu biyu. Ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kabureta ta gaba, ya saurari yadda take shaƙar iska. Ya mai da shi ta baya, ya saurara. Ya murɗa sukuru rabin zagaye. Ya sake saurare, ya murɗa ɗayan kaɗan, ya dawo da shi ɗan ƙiris. Ya ɗiga mai a kan kowace. Bai dubi na'ura ko ɗaya ba.

"Saki totur."

Nawaf ya saki. Zad ba ta mutu ba. Girgizar ta tsaya, hayaƙin ya washe, fistin shida suka kama murya ɗaya, ƙasa-ƙasa, har kofin shayin da ke kan rufinta bai motsa ba. Nawaf ya ciro wayarsa yana ɗauka yana cewa masha Allah. Alhaji na tsaye da tiyo a hannu, fuskarsa cike da annuri. Sai da ya juyo ya ga idon Marwan sa'an nan ya tuna.

"Baba," in ji Marwan a hankali. "Minti huɗu."

"Shekara shida da minti huɗu," in ji Alhaji.

Hajiya ta shiga ɗaki, aka ji tana jawo akwati.

Mataki na bakwai: In ka faɗi, ka faɗi da tsari

Dattijo ba ya warware maganar da ya yi a gaban shaidu. Alhaji ya shiga motar, ya fita da ita ƙofar gida, ya zagaya unguwa ya dawo. Ya ce ya ji, ya yarda, zai koma Aziziyya. Ya roƙi abu ɗaya tak: tun da motar ce ta fitar da shi, to ita za ta kwashe shi. Kayansa ba za su hau motar kowa ba.

Marwan, da murna ta rufe masa ido, ya ce, "Ɗayyib." Bai leƙa ciki ba. Kujera biyu ce da Zad, bayanta kuma ba ya cin abin da ya wuce jaka ɗaya da buta.

"Ni za ka fara kaiwa," in ji Hajiya, ta riga ta zauna a gaba da tukunya a cinya.

Ya kai ta. Tun daga ranar, kowace safiya yana yin sawu ɗaya, don tsohon inji ba ya son zafin rana. Jiya matashin kai ya kai. Yau ƙafar gado ɗaya. Yana karyawa a hawa na shida, ya yi wasa da jikoki, ya yi azahar, sa'an nan ya ce bari ya koma ya ɗaure kayan gobe. La'asar a ƙarƙashin darbejiya take samunsa. Malam Sabo ya duba ɗakin ajiya, ya ce in dai a haka za a tafi, cokulan kaɗai za su kai su azumi mai zuwa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. In ka bi matakan nan uwargida ta rasa farantanta, tsakaninku ne. In miyarka ta yi ƙanshin fetur, ka tambayi wadda ta riƙo saƙon. In ɗanka ya karanta wannan kafin kai, ba a san ka ba, ba a taɓa ganinka ba. In kuwa kana da kunne irin na Alhaji Ɗan'azumi, to alkawarin da aka yi maka a farko an janye shi, ka fara neman kwalin ɗaure kaya.