Jawabin Da Ya Ƙare A Durƙushe

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a sakatariyar Sakkwato, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu. Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwarara, gari ya cika da sabbin motoci da babura, kowa yana tafiya kamar an yi masa albishir. Ni kuwa amarya ce, ban cika shekara ba a ɗakina a Ƙofar Rini, ina aikin buga tafireta. Kuma (bari in faɗa tun yanzu, don ba yau kunyar ta fara ba) ina ɗauke da cikin fari, ɗan ƙarami, wanda ko maigidan ban gaya wa da baki ba, ganewa ya yi.

Babban ciwona a lokacin shi ne mafarkin ido biyu. Yatsuna na kan tafireta, fanka na juyawa a hankali, ni kuwa na daɗe da barin ofis. Ga ni a kan dandamali cikin leshi mai ruwan zuma, mata sun cika fili har bakin gulbi, muryata na fita ta rediyo, manoma a fadama sun ajiye fartanya suna saurare. Sai ƙararrawar tafireta ta yi ƙil, in farka in ga na buga layi guda sau biyu.

Mai farkar da ni kullum ita ce Rifkatu, maƙwabciyar teburina, mutuniyar kudancin Zariya. Ita ta koya mini aikin, ita ke gyara mini ɓarnata kafin shugaba ya gani. Cikinta ya tsufa, mijinta kafinta ne, aiki yau akwai gobe babu. Sai aka kira ta aka ce tunda ma'aikaciyar wucin gadi ce, in ta tafi haihuwa babu albashi, kuma za a ba wani kujerarta. Ta dawo ta zauna, ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da bugawa. Wallahi wannan shirun nata ya fi kuka ƙona mini rai.

Muna da ƙungiyarmu ta mata ma'aikatan gwamnati, malamai da nas-nas da mu 'yan tafireta, muna taruwa da la'asar a wani ajin firamare, mu matse a bencin yara. Shugabarmu Hajiya Kulu ce, tsohuwar ungozoma, mace mai faɗin abu yadda yake ko a gaban wa. Da aka kawo maganar Rifkatu na miƙe na yi ta zuba, har da buga benci. Da na zauna Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ɗiyata, ke za ki yi muna magana gaban Babban Sakatare. Bakinki ya hi namu kaihi."

Wayyo daɗi! Ai daga ranar ban sake taka ƙasa ba. Na yi wa madubi jawabi, na yi wa randa, na yi wa akuyar maƙwabta. Maigida ya goyo ni a babur muka bi ta Hubbare, na ga jama'ar da suka zo ziyara, a raina na ce duk ni suke jira. Har na tsara yadda zan ɗaga yatsa, da inda zan dakata don a yi tafi.

Ranar Talata muka hau bene mu uku, ni da Hajiya Kulu da Rifkatu tana hawa tana hutawa. A bakin ƙofa masinja ya ce Babban Sakatare ya tafi Ikko, wani ne ke riƙe masa, kwanan nan aka maido shi daga wani lardi. Na ce ko wane ne, yau zai ji.

Ofishin kamar ba a duniya ba. Darduma mai laushi, labule har ƙasa, na'urar sanyi tana huci a hankali, ƙamshin turare ya cika ko'ina. Daga zafin Sakkwato zuwa wannan sanyi, sai na ji kamar ina shawagi. Can bayan wani makeken tebur ga wani dattijo cikin farar babbar riga, da tabarau, ya sunkuya yana rubutu. Hajiya ta yi sallama, ya amsa ƙasa-ƙasa bai ɗago ba, ya yi nuni da biro a fara. Hajiya ta zungure ni.

Na tako gaba, na tsaya ƙyam, na ɗaga yatsan nan da na sha wahalar horarwa.

"Ranka shi daɗe, kan maganar haihuwa muka zo! Ciki ba laifi ba ne, balle a hukunta mace a kansa. Kuma mace ba ita kaɗai ke yinsa ba, da hannun namiji a ciki! Kai kanka da kake zaune a kujerar nan, mace ta ɗauke ka wata tara ta haife ka!"

Na dakata a daidai inda na tsara za a yi tafi.

Dattijon ya ajiye biro. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya yi gyaran murya sau biyu, a hankali, sannan ya ce, "To, madalla."

Inna lillahi! Fuskar ban san ta ba, amma wannan gyaran murya da wannan "to, madalla" ko cikin barci na ji su na san mai su. Baba ne. Wan mahaifin mijina, wanda ya riƙe shi tun yana yaro, ya yi masa aure, ya biya sadakina. Za ku ce yaya mutum zai kasa gane surukinsa? To ai ban taɓa ganin fuskarsa ba! Aiki ya kai shi nesa, sai da Sallah yake zuwa, in ya zo kuma daga bakin ƙofa nake durƙusawa, mayafi ya rufe ni, idona a ƙasa. Abin da na sani nasa muryarsa ce da yatsun ƙafarsa, su kuwa yatsun tebur ya ɓoye su.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na ja mayafi na rufe har hanci, muryar da manoman fadama za su ajiye fartanya dominta ta koma ta ɗan tsako.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya mutan gida?"

Shi ma sai a lokacin ya gane, don shi ma tsakiyar kaina kawai ya sani. Ya ce, "A'a! Subhanallahi!" Ya juya kujerarsa sukutum ya fuskanci taga.

Da abin ya tsaya nan da na gode Allah. Amma Hajiya Kulu ba ta san dangantakar ba, ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, "Baba" kuwa ladabi ne kawai. Ta dafa kaina, ta ɗaga murya yadda take yi a ɗakin haihuwa.

"Ka gani ko, ranka shi daɗe? Juwa ta kwashe ta. Ita ma wagga ciki gare ta, ya kai wata ukku, tun ran da ta shigo taro na gane. Na hwari na kuwa! Haka muke muku aiki da shi, ba mu hwaɗi."

Jama'a, cikin fari! Abin da ko uwata sai dai ta gani da idonta, shi aka yi wa shela a gaban surukina, a ofishin gwamnati. Na roƙi dardumar nan ta buɗe ta haɗiye ni, ta ƙi. Ta gefen mayafi na hango Baba ya ɗaga hannun riga ya kare fuskarsa, ko da yake taga yake kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san na kashe maganar Rifkatu, ga shi ba ni da bakin tashe ta.

Rifkatu ta zo bikina, saboda haka ita ta fara gane ko wane ne Baba a wurina. Ta matso a hankali ta tsaya a gabana, ita da cikinta suka kare ni kaf.

"Ranka ya daɗe, sunana Rifkatu, daga ɗakin tafireta. Ni ce aka zo dominta. Ina so in je in haihu, in dawo in samu kujerata. Shi ke nan."

Baba bai juyo ba. Tagar ya yi wa magana.

"Ki tahi ki haihu lahiya, ɗiyata. Kujerarki na nan, albashinki na nan. Maganar sauran mata kuma ni zan kai ta sama da kaina. Ku tahi. Don Allah ku tahi."

Da baya na fita, a durƙushe, Hajiya na ta yi mini fifita da gefen mayafinta tana cewa a kawo ruwa. Sai a matakala Rifkatu ta raɗa mata. Ta riƙe baki ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya hana ki hwaɗa min?" Sannan ta zauna a kan matakala ta yi dariya har da hawaye.

Kafin magariba matar Baba ta aiko da tsamiya da gero, ba tare da saƙon komai ba. Maigida ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya fita zaure. Ina jiyo dariyarsa daga can.

Rifkatu ta haifi 'yarta, ta dawo ta samu kujerarta, muka ci gaba da zama gefe da gefe har muka yi furfura. Baba kuwa har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban sake ɗaga ido na dube shi ba. Wannan kallo guda shi ne rabona da fuskarsa, kuma ranar da ya rasu na gode wa Allah da ya sa na yi shi.

Abin da na koya dai ba yawa. Haƙƙin mata a nema, ko gobe aka kira ni zan je. Amma kafin in gaya wa wani dattijo yadda aka haife shi, sai na bari ya fara yin gyaran murya.