Jarraba Mai R Ɗaya

A ikilisiyarmu akwai wani bawan Allah da ake wa laƙabi da Farar Takarda, don shi a ganinsa ko ɗigon tawada bai taɓa sauka a kansa ba. Tsohon akawu ne, mai farar riga, mai tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa takalmi. Na san shi ciki da bai, domin kullum da safe ni nake aske masa gemu a madubi. In faɗa muku gaskiya, ni ne. Amma ku bar ni in ci gaba da cewa "shi", kunyar ta fi sauƙin ɗauka a haka.

Shekara shida yana harin kujerar dattijon ikilisiya. Da zaɓe ya matso, Fasto ya ba shi darasin ajin manya: yadda Almasihu ya ɗauki jiki irin namu, aka jarrabce shi a jeji da yunwa, bai kuwa yi zunubi ba. Fasto ya ce zai zauna a baya ya saurara. Kowa ya san ma'anar wannan zama.

Gogan naku ya ce shi ba zai koyar da abin da bai ɗanɗana ba. Zai yi azumin kwana uku, a asirce. Asirin ya kai ga wanzami, da direban bas, da duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi.

Ranar farko ta wuce da hamma. Rana ta biyu da azahar, maiɗakinsa ta soya nama, ta rufe tukunya, ta fita shanya. Sai tsarkakakken ya tuna cewa bai duba ko an kashe murhu ba. An kashe. Ya ɗaga murfi don ya kalli Shaiɗan ido cikin ido. Ya ce taɓawa ba ci ba ne. Ya ce ɗanɗano ba karya azumi ba ne. A tsoka ta huɗu ya daina kawo hujja. Wayyo ni, naman nan ya yi daɗi!

Ran Lahadi ya hau gaban aji yana jan ƙafa, wai azumi ya ci ƙarfinsa. Ya gyara murya.

"'Yan'uwa, kada ku ɗauka Ubangiji ya ji yunwa irin taku. Tsarki yana kashe yunwa. Ni ɗin nan, ƙaramin bawa, kwana uku ban sa komai a baki ba, kuma ko ƙugin ciki ban ji ba."

Tsohuwar da ke share majami'a ta ɗaga hannu daga benci na biyu.

"Ɗana, in bai ji yunwa ba, ina jarrabar take? Ai ga ƙosasshe, dutse da gurasa duk ɗaya ne. Ni dai abin da ke riƙe ni shi ne Ubangiji ya san ciwon cikina, ya kuma tsaya bai faɗi ba."

Fasto ya ɗago kai. Da mai hankali ne, da ya ce, "Iya, kin fi ni gaskiya," ya zauna. Amma baki shi ke yanka wuya. Farar Takarda ya ɗauki alli, ya rubuta kalma biyu a allo, manya-manya.

"Iya, abin na masu ilimi ne. Ga jarraba, r biyu. Daga waje take zuwa wa tsarkaka, ta koma da kunya. Ga jaraba, r ɗaya. Wannan daga ciki take tasowa, ta masu kwaɗayi ce. Mu da muka yi nisa, mai r biyu kaɗai muka sani."

Ya juya yana jiran tafi. Hannun da ya gani a sama na maiɗakinsa ne.

"Baban yara, ina da tambaya. Wadda ta buɗe mini tukunya shekaranjiya, r nawa gare ta?"

Na dubi ƙofa, ta yi nisa. Na dubi allo, rubutuna ne, ba wanda zan ɗora wa.

Na ce, "Ɗaya."

Kujerar dattijo, wani tela aka ba. Amma Fasto bai bar ni hannu wofi ba. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata, ya ce a cikin minti arba'in da na yi ina koyarwa, wannan kalma ce kaɗai ba ta bukatar gyara.