Ranar Da Gwaggwaro Ya Hau Allo

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Madam Rifkatu, shugabar makarantarmu a Narayi ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. Ni malamin Turanci ne, kuma ni ke ladabtar da ɗalibai (da na gyara murya aji kan yi tsit). A ƙarshen mako kuma nakan ɗauki hoto da wata tsohuwar kyamara da ta girmi autana.

Aibinta ɗaya ne: ba ta san shunayya ba, shuɗi take mayar da shi. Ankon bikin kuwa shunayya ne, kuma Madam ta ja mini kunne cewa ba ta so ƙawayenta su fito kamar ma'aikatan asibiti. Malam Sani, malaminmu na lissafi, ya ce in gyara saitin launi, in ƙara mata sabon gilashi, in zauna da wadda hannuna ya saba da ita. Na yi masa lacca a kan ci gaban zamani, na je na sayo sabuwa dal, wadda har allon talabijin take tura hoto.

Ana jibi biki na roƙi matata ta sa ankon in gwada launi. Ta ce tuwonta na kan wuta. Mai bincike kuwa ba ya jira. Na ɗauko gwaggwaronta na anko da aka riga aka ɗaura, na kifa a ka, daga ni sai singileti, na saita kyamara ta ɗauka da kanta. Na ba ta gefen dama, na ba ta hagu. Har ƙugu na riƙe (don ilimi kawai). Launi ya fito ras.

A wurin liyafa a Kakuri, mai gabatarwa ya sanar cewa zan nuna hotunan coci a babban allo. Na jona, na danna, na juyo ina amsa tafi. Ashe sabuwar daga hoton farko take farawa.

Tafi ya ɗauke. Sai wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga murya: "Wannan ce uwar amarya?"

"A'a, Mama," in ji Madam, "mai ladabtar mana da yara ne."

Iyayen ɗalibaina kuwa sun cika wurin. Na lalubi maɓallin kashewa, amma da yake ban san kyamarar ba, sai na ƙara wa hoton girma. Malam Sani ya matso kusa da kunnena, cikin ladabi ya ce, "Gaskiya, ranka ya daɗe, launin ya fito."

Ranar Litinin na gyara murya a aji, sai layin baya gaba ɗaya suka riƙe ƙugu.

Tsohuwar kyamarata ba ta san shunayya ba, amma ba ta taɓa tona mini asiri ba. Yanzu duk wanda ya tambaye ni ko ya gyara tasa ko ya sayi sabuwa, nakan ce duk wadda ya zaɓa, ya dai jira matarsa ta sauke tuwo.