Kambun Inna a Gaban 'Yan Majalisa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hannun riga ya tona mini asiri a Tanut, a gaban manyan da suka taso tun daga Yamai. Ko yanzu da furfura ta cika mini kai, in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina saurayi, na gama koyon aikin anfirmiye, wato malamin asibiti, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Sai labari ya zo cewa kwamitin lafiya na majalisar dokoki zai zauna a Tanut, ya saurari jama'a kan lambar agana da kuma ɗakin maganin da ake son buɗewa a Belbeji. Kwamanda mai mulkin Tanut ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ni zan yi bayanin lamba. In depitocin, wato 'yan majalisar, sun gamsu da ni, shugabansu zai kai sunana wurin minista a ba ni Belbeji. In ba su gamsu ba, akwai gurbi a Bilma, can tsakiyar hamada. Innata kuwa tana ƙauyenmu cikin kwarin Tarka, ni kaɗai gare ta, ga ciwon ƙafa. Daga Belbeji ko jaki zai kai ni wurinta. Daga Bilma sai dai in jira ayarin gishiri.

Da Inna ta ji, ba ta yi shawara da kowa ba, ta hau motar kasuwa ta iso Tanut ana gobe zama. Da safe ina shirin sa riga, ta kwance bakin zanenta ta fiddo wani kambu na jar fata, layu jere a jikinsa, har da ɗan ƙahon gada yana reto.

Ta ce, "Miƙo hannun."

Na ce, "Haba Inna, ni fa yanzu ma'aikacin lafiya ne."

Ta ce, "Ni kuma uwar ma'aikacin lafiya ce. Miƙo na hagu."

Ta ɗaure shi tamau a damtsena, ta ce kar in kuskura in kwance sai an tashi. Na ce a raina ai ba mai gani, na rufe shi da farar riga mai dogon hannu da na aro wurin mushen lakkwal, wato malamin makaranta. (Mushen siriri ne kamar karan gero, ni kuma a lokacin ina cin tuwo da gaske. Ku riƙe wannan.)

A runfar gaban biron kwamanda aka zauna. Depitoci a dogon tebur, shugabansu wani dattijo mai babbar riga a tsakiya. Masu gari da makiyaya a kan tabarmi, mata can baya. Aka kira ni, na tashi na fara da kyau: yadda agana ke yaɗuwa, yadda ake yin lamba a damtsen hagu. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Amma na ga wani matashin depite mai tabarau yana gyaɗa kai, sai bakina ya ƙwace mini. Na ce babban abin da ya hana lamba karɓuwa a ƙasarmu ta Damargu shi ne laya. Na ce duk mai yawo da ɗinkakkiyar fatar akuya a damtse har yanzu bai fito daga duhu ba. Har tebur na buga. Wallahi na manta shaf da abin da ke matse mini hannu.

Sai wani ardo ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa, ya ce, "Ranku ya daɗe, mu an ce mana lamba tana shanye hannu. Shi wannan yaro an yi masa?"

Shugaba ya dube ni ya ce, "Samari, nuna masa taka."

A nan na ji ƙahon gadar ya soke ni. Na fara naɗe hannun dama, ko Allah zai sa a bar maganar. Shugaba ya ce, "A hagu ake yi, kai ka faɗa mana yanzu." Na koma hagu. Hannun rigar ya hau har gwiwar hannu ya cije. Na ja, ya ƙi. Na ƙara ja, sai ɗinkin ya ce ɓarrr har kafaɗa, ga kambun Inna a fili, jajir, ƙaho yana lilo.

Daga nan wani mai gari ya fara tari, tarin ya zama dariya, dariyar ta kama runfa duka, har gumiyen da ke gadi, dogarin kwamanda, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Mai tabarau ya sunkuya yana rubutu. Ni kam a idona Bilma nake gani. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta, don na san na jawo wa tsohuwa zaman kaɗaici da bakina.

Shugaba ya ce, "Wa ya ɗaura maka?"

Kafin in buɗe baki, murya ta taso daga cikin mata: "Ni ce, ranka ya daɗe. Kuma kar ya kwance sai an tashi."

Ardo ya tako ya kama hannuna kamar mai duba maraƙi a kasuwa. Ya tura kambun sama, ya ga tabon lamba, ya latsa damtsen, ya ce, "Bai shanye ba." Sannan ya juya wurin tebur. "Wanda aka turo mana bara cewa ya yi sai mun cire layunmu kafin ya taɓa mu, shi ya sa muka kaɗa shanu muka yi arewa. In wannan za ku kawo Belbeji, za mu kawo masa yara. Nasa ma sun fi nawa yawa."

Shugaba ya sa a rubuta cewa masu yin lamba su bar wa mutane layunsu. Ya dube ni ya ce, "Samari, bakinka yana gudu, ka riƙa ja masa linzami. Amma ka ji maganar mahaifiyarka, wannan ya yi mini." Yana faɗa yana shafa nasa damtsen ta saman babbar riga, na kuwa lura wurin ya ɗan yi tudu. Na kawar da ido, na riga na ƙoshi da magana.

Bayan damina takardar Belbeji ta fito. Ranar na zauna ƙasa a bakin biro na yi ta hamdala don murna. Ardo ya cika alkawari, ya kawo yara, kowane da layunsa a wuya, na yi musu lamba ban ce uffan ba. Rigar mushe kam ɗinki bai karɓe ta ba, mushe ya daɗe yana gaishe ni a daƙile.

Tun daga ranar, kafin in soki abin da ke hannun wani sai na shafa nawa tukuna. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana gaya wa duk wanda ya zo shan magani cewa kambunta ne ya sama wa ɗanta aiki. Na sha shirya mata amsa irin ta masu ilimi, in na zo faɗa sai in ga ai gaskiyarta ce.